Da wane ma'auni zan auna damuwar ɗaliban likitanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyar a makarantar likitanci, an ba ni aikin bincike a sashen lafiyar al'umma a kan damuwa a tsakanin ɗaliban makarantarmu. Na karanta binciken da aka yi a wurare daban-daban, wani ya ce ɗaya bisa uku na ɗalibai ne ke cikin damuwa, wani ya ce sun haura rabi, wani ma kusan kowa da kowa. Kaina ya ɗaure. Wane ma'auni ne na gaskiya, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ɗaurewar kan da kika samu alama ce ta cewa kin yi karatun da idon basira, domin wanda ya karanta bincike ɗaya tak ba ya ganin wannan saɓani. Alƙaluman sun sha bamban ne saboda masu binciken ba abu ɗaya suka auna ba, ko da yake duk sun kira shi da suna ɗaya. Don haka kafin ki zaɓi ma'auni, sai kin zauna kin tsayar wa kanki abin da kike nufi da damuwa.

A Hausa matsalar ta ma fi tsanani. Da kalmar damuwa muke kiran matsin da ɗalibi ke ji ana gobe jarrabawa, da ita muke kiran fargabar da ke hana mutum barci wata da watanni, da ita kuma muke kiran cutar nan da ke kashe wa mutum sha'awar komai har ya ji rayuwar ta fita masa a rai, wadda ake ce wa ciwon damuwa. Ga likitan ƙwaƙwalwa waɗannan abubuwa ne mabambanta, kowanne da ma'auninsa. Akwai kuma na huɗu, wato ƙarewar kuzari, inda mutum ya yi ta ɗaukar nauyi har ya wayi gari ba ya jin tausayin majinyacin da ke gabansa, ba ya kuma ganin amfanin abin da yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a kundinta na rabe-raben cututtuka a 2019, amma ta bayyana shi a matsayin yanayin da aiki ke jawowa, ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba.

Ga misalin da zai nuna miki girman saɓanin. A 2016 Lisa Rotenstein da abokan aikinta sun tattara bincike 195 daga ƙasashe 47, wanda ya ƙunshi ɗaliban likitanci fiye da 129,000, suka buga a mujallar JAMA ta Amurka. Jimillar da suka samu ita ce kashi 27.2 cikin ɗari na da ciwon damuwa ko alamominsa, kashi 11.1 kuma sun yi tunanin kashe kansu. Amma da suka ware sakamakon bisa ma'aunin da kowane bincike ya yi amfani da shi, sai adadin ya tashi daga kashi 9.3 har zuwa 55.9. Bayan shekara biyu suka sake irin wannan aiki a kan ƙarewar kuzari a tsakanin likitoci, bincike 182, suka tarar an fassara abin ta hanyoyi 142, adadin kuma ya kama daga sifili zuwa kashi 80.5. Kin ga ke nan idan mutum ya ce miki kashi kaza na ɗalibai na cikin damuwa, bai gaya miki komai ba sai ya faɗi ma'aunin, da makin da ya yanke a kai, da lokacin da ya yi tambayar.

To, idan abin da malaminki ke so shi ne matsin da ɗalibi ke ji a ransa, ni takardar tambayoyin da ake kira PSS-10 zan ba ki shawara. Sheldon Cohen da abokan aikinsa ne suka fitar da ita a 1983 da tambayoyi 14, daga baya aka rage su zuwa 10, kuma ta goman ce aka fi aminta da ita. Tushenta shi ne fahimtar da masanin halayyar ɗan'adam Richard Lazarus ya yi fice da ita, cewa ba girman abin da ya faru ke sa mutum cikin matsi ba, yadda ya auna abin da ƙarfinsa ne. Ɗalibai biyu za su shiga ɗakin gawa rana ɗaya, su fuskanci jarrabawar aji uku iri ɗaya, ɗaya ya ga dutse ne da zai hau, ɗaya ya ga dutse ne da zai faɗo masa. Shi ya sa tambayoyin ba su ambaci jarrabawa ko kuɗi ba. Suna tambaya ne kamar haka: a cikin watan da ya wuce, sau nawa ka ji cewa muhimman al'amuran rayuwarka sun fi ƙarfin ikonka, sau nawa ka ji matsaloli sun taru sun yi maka yawan da ba za ka iya da su ba. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 4, jimilla daga 0 zuwa 40.

Abu biyu nake so ki kiyaye da ita. Tambaya ta 4 da ta 5 da ta 7 da ta 8 an yi su ne ta fuskar alheri, kamar sau nawa ka ji al'amura na tafiya yadda kake so, don haka sai an juya makinsu kafin a haɗa, 4 ya koma 0, 3 ya koma 1. Na sha karɓar aikin ɗalibai da aka manta wannan juyin, duk lissafin ya lalace tun daga tushe, kuma sai an zo kare aikin ake ganowa. Na biyun ya fi muhimmanci. Za ki ga ana rubuta cewa 0 zuwa 13 matsi kaɗan ne, 14 zuwa 26 matsakaici, 27 zuwa 40 mai tsanani. Waɗanda suka ƙirƙiri ma'aunin ba su suka yanke wannan ba, sun ma bayyana cewa ba ma'aunin gano cuta ba ne. Daga nan yawancin manyan alƙaluman da suka rikita ki suka fito: mai bincike ya haɗa matsakaici da mai tsanani, duk wanda ya kai 14 ya shiga lissafi, alhali ko a cikin jama'ar gari da ba su taɓa shiga makarantar likitanci ba matsakaicin maki yana kusa da wurin. Ki ba da matsakaicin maki da yadda ya bazu, ki kwatanta aji da aji, maza da mata, 'yan hostel da masu zuwa daga gida. Idan kuma dole sai kin raba rukuni-rukuni, ki faɗi a fili inda kika yanke da dalilinki.

PSS-10 za ta gaya miki nauyin kayan, ba za ta gaya miki abin da ke cikin buhun ba. Don sanin tushen matsin akwai MSSQ, wadda Muhamad Saiful Bahri Yusoff na Jami'ar Kimiyya ta Maleshiya ya tsara musamman don ɗaliban likitanci, aka fitar da ita a 2010. Tambayoyi 40 ne a rukuni shida: karatu da jarrabawa, mu'amala da mutane da kuma abin da ke tsakanin mutum da kansa, yadda ake koyarwa, hulɗa da al'umma da majinyata, son karatun ko tilasta shi, sai aikin rukuni. Tana da amfani ƙwarai, kuma kusan duk inda aka gwada ta rukunin karatu ne ke zuwa kan gaba. Sai dai ki tuna an yi ta ne a wata ƙasa, ga ɗalibai masu wata irin rayuwa. Babu yajin aikin malaman jami'a a cikinta, alhali ɗalibin Najeriya ya zauna a gida kusan wata tara a 2020, ya sake zaman wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, karatun shekara shida ya miƙe ba a san ranar gamawa ba. Babu ɗaukewar wuta ana tsakiyar karatun dare, babu ƙarin kuɗin makaranta, babu fargabar hanya idan za a je gida hutu, babu ɗalibar da ke haɗa kwanan asibiti da goyo. Babu kuma nauyin sunan nan da ake laƙaba wa yaro tun yana aji ɗaya, duk unguwa na ce masa Likita, har ya zama faɗuwa jarrabawa ɗaya a wurinsa kamar ya kunyata zuri'a ne. In akwai waɗanda suka dawo daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 aka saka su a ajinku, su ma nasu labarin daban ne.

Abin da za ki yi shi ne ki bar tambayoyi 40 ɗin yadda suke, kada ki taɓa ko ɗaya, sannan ki ƙara wani sashe naki na daban a ƙarshe, ki kuma ba da sakamakonsa daban. Kafin ki rubuta wannan sashe, ki zauna da ɗalibai shida ko takwas daga azuzuwa daban-daban, maza daban mata daban, ki bar su su yi magana. Abin da za ki ji a awa ɗaya ya fi abin da za ki zauna ki ƙirƙiro a mako.

Sauran ma'aunan zan bi ta kansu da sauri. GHQ-12 ta David Goldberg tana neman alamun rashin kwanciyar hankali gaba ɗaya, kuma an daɗe da gwada ta a Najeriya, Farfesa Oye Gureje ya yi aiki a kanta a Ibadan tun 1990. Rauninta a wurinki shi ne tana kwatanta halin da mutum ke ciki da yadda ya saba. Ɗalibin da ya shekara uku ba ya samun isasshen barci zai zaɓi amsar da ke cewa bai fi yadda ya saba ba, ya fita da maki sifili, alhali shi ne wanda ya fi jin jiki. DASS-21 daga Ostareliya take, ta Lovibond, tana ba da maki uku a lokaci ɗaya, na ciwon damuwa da na fargaba da na matsi, tambaya bakwai-bakwai a kan mako ɗaya da ya wuce, kyauta ce, kuma sai an ninka makin sau biyu kafin a duba teburin da ke fassara makin, kuma wannan ninkin shi ma ana yawan mantawa da shi. Ma'aunin Maslach na ƙarewar kuzari, na 1981, sai an biya kuɗin lasisi, don haka kada ki kwafo shi daga intanet ki raba. PHQ-9 kuwa ta ciwon damuwa ce zalla, kuma zan dawo kanta.

Wataƙila wani zai ce miki duk waɗannan ai faɗin baki ne, me ya sa ba za a auna jini ba. Tambaya ce mai kyau, kuma ɗaliban likitanci ne aka yi wasu daga cikin shahararrun gwaje-gwajen a kansu. A Jami'ar Jihar Ohayo, Janice Kiecolt-Glaser da mijinta Ronald Glaser sun ɗibi jinin ɗalibai 75 'yan shekarar farko wata ɗaya kafin jarrabawa, suka sake ɗiba a ranar farko ta jarrabawa, suka buga a 1984 cewa ƙarfin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ya ragu, kuma ya fi yin ƙasa a wurin masu fama da kaɗaici. A 1998 aka yi wa ɗaliban likitancin haƙori 11 ɗan ƙaramin rauni a ganɗa sau biyu, ɗaya lokacin hutu ɗaya dab da jarrabawa. Na lokacin jarrabawa ya ƙara kimanin kwana uku kafin ya warke, wato kashi 40 cikin ɗari, kuma babu ko mutum ɗaya da nasa ya warke da saurin na hutu. Ina son ɗalibaina su san wannan domin su daina ɗaukar matsi a matsayin raki.

Amma ba na ba ki shawarar ki bi wannan hanya. Sinadarin kotisol, wanda jiki ke ƙara fitarwa in an shiga matsi kuma ake aunawa a yawu, yana hawa ya kai ƙololuwa kimanin minti 30 zuwa 45 bayan an farka, ya yi ta sauka har dare. Ɗalibin da ya tashi Asuba ya koma barci, da wanda ya kwana a ɗakin haihuwa, da wadda ke shan maganin tsarin iyali, da wanda ya sha kofi, kowanne zai ba ki adadi daban ba don matsi ba. Ana iya auna shi a gashi, santimita ɗaya daga tushe na nuna kimanin wata ɗaya, sai dai yana da tsada, ga shi yawancin samarinmu aski suke yi ƙasa-ƙasa. Kuma ko an yi komai daidai, dangantakar kotisol da makin takardar tambayoyi takan zo da rauni, domin kowannensu wani ɓangare na al'amarin yake kamawa.

Yanzu ga abin da ya fi zaɓen ma'auni tasiri a kan sakamakonki, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: yaushe, da wa, da hannun wa.

Lokaci tukuna. PSS-10 wata ɗaya take kallo. Idan kika raba wa 'yan aji uku ana saura mako biyu su shiga babbar jarrabawar nan ta ilimin sassan jiki da aikinsu, kika raba wa 'yan aji biyar suna tsakiyar zango mai sauƙi, za ki kammala cewa aji uku ya fi wahala, alhali kalanda kika auna. Ki karɓi jadawalin kowane aji, ki rubuta kwana nawa ya rage wa kowa ya shiga jarrabawa, ki sa shi cikin lissafi. In da hali ki auna mutanen nan sau biyu, a tsakiyar zango da dab da jarrabawa, kowa ya ƙirƙiri wata lambar sirri da zai tuna don ki haɗa takardunsa biyu ba tare da sanin sunansa ba. Ki kauce wa watan azumi in ba shi kike son nazari ba, saboda barci da ci duk suna canjawa.

Sai su waye suka amsa. Lissafin yawan mutanen da za a tambaya da aka saba koya muku yana ba da mutum 384 idan aka ɗauka rabin ɗalibai ne abin ya shafa, da kuskuren kashi 5, kuma idan ɗaliban makarantar ba su da yawa ana rage shi. Ni ban cika damuwa da wannan adadi ba kamar yadda nake damuwa da waɗanda ba su zo ba. Idan a aji kika raba takarda, wadda ta kasa tashi daga gado saboda ƙunci ba ta cikin lissafinki. Wanda aka kora bara bayan ya faɗi sau biyu ba ya ciki. Shi ya sa wani lokaci 'yan ajin ƙarshe ke fitowa kamar sun fi kowa natsuwa, domin waɗanda suka tsira ne kawai suka rage. Ki nemi rajistar kowane aji, ki zaɓo da ƙuri'a, ki bi waɗanda ba ki samu ba har hostel, ki kuma rubuta mutum nawa kika nema da nawa suka amsa.

Hannun da ya miƙa takardar shi ma yana canja amsa. Kada malami ya raba, kada ya tsaya a ajin. Kada a rubuta suna ko lambar ɗalibi. Ki kula da tambayoyin farko ma: a ajin da mace ɗaya ce mai aure 'yar wata jiha, kin tambayi jinsi da aure da jiha, kin riga kin rubuta sunanta. Ɗalibin likitanci ya san abin da kowace tambaya ke nema, ya san amsar da za ta sa a ce lafiyarsa lau, kuma yana tsoron kada maganar ta kai ofishin shugaban tsangaya.

Game da harshe, tunda da Turanci kuke karatu, ki bar takardar da Turancinta, amma ki gwada ta a kan mutum ashirin da ba sa cikin binciken, ki tambaye su me suka fahimta da kowace jimla. In kuma za ki kwatanta da wasu da sai an fassara musu, a samu mutum ya mayar Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a kwatanta. Ki kuma bar fili ga alamomin jiki. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya rubuta a kan ɗaliban Najeriya da ke zuwa da zafin kai, da jin kamar wani abu na yawo a cikin kai, da dishi-dishin ido in sun buɗe littafi, da kasa riƙe abin da suka karanta. Har gobe haka da yawa ke kawo kukansu. Ba za su ce suna cikin ƙunci ba, za su ce kansu na ɗaukar zafi, ko olsa ta tashi, ko maleriya ta ƙi jin magani. Tambaya biyu ko uku a kan ciwon kai da barci da shan abin hana barci za su kamo miki mutanen da sauran tambayoyin suka tsallake.

Na ce zan dawo kan PHQ-9. Idan kika sa ta, ki sani makin 10 zuwa sama tantancewa ce kawai, kuma da aka kwatanta ta da ganawar ƙwararre ido da ido an ga tana ba da kusan ninki biyu na ainihin masu cutar. Don haka ki rubuta masu alamomi, kada ki rubuta masu ciwon. Tambayarta ta tara kuma tana tambaya ne kai tsaye ko mutum ya yi tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa. A nan nake tsayar da kowane ɗalibi nawa. A binciken nan na 2016, cikin waɗanda aka gano suna da alamomin ciwon damuwa, kashi 15.7 ne kacal suka nemi magani. A wurinmu ga kunya, ga tsoron a ce imanin mutum ya yi rauni, ga dokar laifuka da ta daɗe tana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi. Wanda ya daure ya amsa miki e a wannan tambaya ya faɗi abin da wataƙila bai taɓa faɗa wa mahaifiyarsa ba, ke kuma ba ki san sunansa ba. Bai halatta a wurina ki karɓi wannan amsa ki mayar da ita adadi a tebur ki wuce ba.

Saboda haka tun kafin ki kai takardarki kwamitin ɗa'ar bincike, ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwarku ki samu likita ɗaya da ya yarda ɗalibai su same shi a asirce, ba ta layin katin asibiti ba inda abokan ajinsu ke zaune suna ɗaukar tarihin majinyata. Ki buga lambarsa da lokacin da ake samunsa a wata 'yar takarda daban, ki ba kowa da kowa, wanda ya amsa da wanda bai amsa ba, don kada karɓarta ta zama shaida a kan wani. In ba a samu wannan tsari ba, ki cire PHQ-9 gaba ɗaya ki tsaya a kan PSS-10 da MSSQ.

Idan kin gama, kada aikin ya ƙare a kabad ɗin sashe. A makarantar likitanci ta Jami'ar Sant Luwis a Amurka, Stuart Slavin ya fara da auna ɗalibansa, da ya ga sakamakon sai aka sauya tsarin karatun daga 2009: aka mayar da sakamakon shekarun farko ya zama an ci ko an faɗi kawai, aka rage awannin aji, aka ba ɗalibai lokacin abin da suke so. Suka ci gaba da aunawa duk shekara da ma'auni iri ɗaya, alamomin ciwon damuwa da fargaba suka ragu sosai, kuma makin jarrabawar ƙasa bai faɗi ba. Ke ba ki da ikon sauya manhaja, amma kina iya rubuta shafi ɗaya da ke nuna abubuwa uku da suka fi nauyi a MSSQ da sashenki na ƙari, ki kai wa malaminki da ƙungiyar ɗalibai, ki kuma bar takardar tambayoyin da bayanin ranakun da kika raba ta a hannun wata 'yar aji huɗu, don ta maimaita baɗi a daidai wannan lokaci. Ki turo mini daftarin tambayoyin kafin ki kai kwamiti, zan duba miki juyin makin da sashen da kika ƙara. Allah Ya ba da sa'a.